Ra'ayinmu: Fasto ɗaya ba zai zagaye gida dubu ba

A Jos da Kaduna da Yola, majami'u sai ƙara girma suke yi, har wasu kan yi sujada sau biyu ko uku ranar Lahadi. Amma a irin wannan taro mutum zai yi wata guda a kwance ba wanda ya tambaye shi. Fasto ɗaya, ko da dattawa na kama masa, ba zai san wanda aka sallama daga aiki ba, balle wadda aurenta ke tangal-tangal ko yaron da ya fara shaye-shaye. Shi ya sa ake ta kiran a raya taron zumunta na unguwa, inda mutum goma ko sha biyar za su haɗu a gidan ɗayansu a tsakiyar mako, su yi addu'a, su ji damuwar juna.

Dabarar ta daɗe. A 1742 a birnin Bristol na Ingila, mabiyan John Wesley sun kasa kansu rukuni-rukuni na mutum 12 domin tara kwabo ɗaya a mako, a biya bashin ginin wurin taronsu. Masu bi gida-gida karɓar kuɗin sai suka riƙa dawowa da labarin halin da jama'a ke ciki, tsarin kuwa ya rikiɗe ya zama na kiwon masu bi. A Seoul ta Koriya ta Kudu, ciwo ne ya kwantar da Fasto Yonggi Cho a 1964, ya miƙa taron gida-gida a hannun mata, cocinsa ya zama ɗaya daga cikin mafi girma a duniya.

Mu a nan muna da namu. Duk wanda ya tashi a ECWA ko COCIN ko LCCN ya san Zumuntar Mata ce ke fara isa gidan makoki da abinci, ita ce a bakin gadon asibiti, ita ce a ɗakin mai jego. A Oktoban 2014, da Boko Haram ta mamaye Kwarhi, hedkwatar cocin EYN kusa da Mubi, aka ƙone majami'u, mambobi suka watse zuwa Yola da Jos da Kamaru. Gini bai bi kowa gudun hijira ba. Sanin juna ne ya sa aka iya neman wanda ya ɓace, aka buɗe wa wanda ya iso ƙofa.

Masu ɗari-ɗari da tsarin ma suna da hujja, kuma bai kamata a share ta ba. Abin da mace ta faɗa cikin hawaye ranar Laraba, wai "a sa ni a addu'a", yakan zama hirar unguwa kafin Lahadi. Wani shugaban rukuni yakan ɗauki kansa ƙaramin fasto, wata rana ya ɓalle da jama'arsa. Wani wurin taron ya koma na karɓar gudummawa, har talaka ya daina zuwa don kunya. A garuruwan da ƙabilu suka cakuɗu kuma, rukuni kan zama na 'yan yare ɗaya. Mafi damun mu shi ne faston da ya samu uzurin zama a ofis, alhali zumunci a ƙafa yake.

Duk da haka, matsayinmu shi ne a kafa rukunonin zumuntar nan, a kuma ba su muhimmancin da ake ba asusun gini. Illolin nan na rashin horo ne da rashin sa ido. A raba rukuni bisa unguwa, ba bisa yare ba. A koya wa shugabanni riƙon sirri kafin a ba su aiki, wanda ya fallasa a sauke shi. A hana karɓar kuɗi in ba don taimakon wani mabuƙaci da aka sani ba. Shugaba kuma ya san iyakarsa: matar da mijinta ke duka, ko wanda ya ga an kashe nasa ya kasa barci, sai an haɗa da fasto da likita, wani lokaci har da hukuma. Fasto kuwa ya zauna da shugabannin nan kowane wata, ya karɓi sunayen gidajen da shi da kansa zai taka.