Fiat Daga Turin Zuwa Kano da Bakolori: Tarihin da Ke Jiran Manazarta Hausa

Manomin da ke noman rani a Talata Mafara ko Bakura ko Maradun ba lalle ne ya san cewa ruwan da ke shiga gonarsa yana da alaƙa da wani kamfanin ƙera motoci na Italiya ba. Kamfanin Impresit, wanda ya gina madatsar ruwa ta Bakolori a kan Gulbin Sakkwato aka kammala ta a 1978, a wancan lokaci reshe ne na kamfanin Fiat. A shekarun nan dai Fiat ya haɗa gwiwa da Gwamnatin Tarayya aka kafa masana'antar National Trucks Manufacturers a Kano domin harhaɗa manyan motoci da taraktoci. Ke nan hannu guda ne ya kawo wa ƙasar Hausa madatsar da kuma injin da za a yi noma da shi.

An kafa Fiat a birnin Turin a 1899, kuma babbar masana'antarsa ta Mirafiori ta buɗe a 1939. Can ake zana fasalin mota, a narka ƙarfe, a ƙera inji. Masana'antar Kano kuwa ɗaya ce daga cikin guda shida da aka kafa da kuɗin man fetur a shekarun 1970: Peugeot a Kaduna, Steyr a Bauci, Volkswagen a Legas, Leyland a Ibadan, sai ANAMMCO a Inugu. Tsarin aikinsu kusan iri ɗaya ne. Sassan mota sukan iso cikin akwatuna daga Turai, ma'aikata su yi waldar bodi, su fesa fenti, su ɗora inji da giya, sannan a gwada motar kafin ta fita kasuwa. Masana'antar Peugeot, wadda ta fara aiki a 1975, har ta jirgin sama aka riƙa kawo mata kaya daga Lyon ta Faransa zuwa Kano, kana a kwashe su zuwa Kaduna.

A nan raunin tsarin yake. Wanda ke harhaɗawa bai mallaki sirrin ƙira ba, kuma duk abin da zai yi sai da kuɗin ƙasashen waje. Da farashin mai ya faɗi a farkon shekarun 1980, aka kuma karya darajar naira ƙarƙashin shirin SAP na 1986, sai sayo sassan ya gagara. Motocin Kwatano suka cika kasuwa, layukan harhaɗawa suka yi tsit, daga baya gwamnati ta sayar da hannayen jarinta. Kayan aro dai ba ya rufe katara.

Bakolori ta ɗanɗana irin wannan tsari ta wata fuskar. An zana aikin a ofisoshi, an karɓi gonakin gado, an tayar da ƙauyuka, biyan diyya kuma ya yi ta jan ƙafa. Manoma suka tare hanyoyin aikin, kuma a watan Afrilun 1980, zamanin mulkin Shehu Shagari, 'yan sandan kwantar da tarzoma suka buɗe musu wuta, aka rasa rayuka masu yawa. A Kano an kawo inji ba tare da ilimin ƙera shi ba. A Bakolori an kawo ruwa ba tare da shawarar masu ƙasar ba.

Abin da ya shafi manazarta Hausa shi ne, mafi yawan abin da aka rubuta a kan waɗannan ayyuka da Ingilishi aka rubuta shi, a rahotannin hukuma da binciken masana tattalin arziki. Muryar ma'aikacin da ya yi shekaru yana walda a Kano, da ta manomin da aka tasa daga gidansa, suna nan a bakin dattawan da kullum raguwa suke yi. Alhali harshen kansa shaida ne. Kalmomi irin su lagireto da salansa da kulochi da totur sun zauna daram a Hausa, sunaye irin su akori-kura da gingimari kuma sun nuna yadda Bahaushe ya raɗa wa mota suna da hikimarsa. Duk waɗannan kalmomin tuƙi ne da gyara, na tasha da gareji. Ƙarancin kalmomin zana fasali da zubin ƙarfen inji yana nuna iyakar inda fasahar ta tsaya.

Saboda haka ya kamata sassan nazarin Hausa na Jami'ar Bayero da Jami'ar Usmanu Danfodiyo da Jami'ar Tarayya ta Gusau su ɗauki wannan a matsayin aikin gaggawa. A tura ɗalibai su naɗi hirarraki da tsofaffin ma'aikata da manoma, a tattara waƙoƙi da zambo da karin maganar da lamarin ya haifar, a kuma tsara ƙamus na kalmomin bakanikai. Tun daga 2022 kamfanin Dangote Peugeot ya fara harhaɗa motoci a Kaduna. Masu tsara irin waɗannan sabbin ayyuka suna buƙatar jin abin da ya faru a karon farko daga bakin waɗanda abin ya faru a kansu, tun suna raye.