Mai ciki, kokon safe a leda ko a kwano?

Ƴar'uwa mai ciki, akwai wani sinadari da ake kira fitalat. Masu yin roba suna zuba shi don roba ta yi laushi, irin ta tiyo, da ledar shimfiɗa a ɗaki, da wasu takalma da kayan wasan yara. Ana kuma sa shi a turare da man shafawa da jan farce. Ba ya kama robar sosai. In zafi ya taɓa ta, ko mai, sai ya fita ya shiga abinci. Yana shiga jiki ta baki, ta fata, da ta numfashi, kuma yana iya kai wa ga ɗan da ke cikinki.

Me ya sa likitoci suka damu? An gwada shi a kan dabbobi, an ga yana rage ƙarfin sinadarin jiki da ke tsara halittar namiji. A jikin mutum wannan aiki yana gudana ne wajen wata na uku na ciki, lokacin da mata da yawa ba su ma fara zuwa awo ba. A 2005 wata masaniya a Amurka, Shanna Swan, ta auna fitsarin mata masu ciki, ta ga waɗanda fitalat ɗinsu ya fi yawa an fi samun ɗan bambanci a al'aurar ƴaƴansu maza. A 2022 aka haɗa bincike 16 na mata sama da 6,000 a can, aka ga haihuwar bakwaini ta ɗan fi yawa ga masu yawan sinadarin. Wannan alama ce ta haɗari. Ba a ce duk wadda ya shiga jikinta ɗanta zai sami lahani ba.

To, yaya ake auna shi? Da fitsari. Jiki yana farfasa shi ya fitar da yawancinsa cikin kwana ɗaya, ragowar nan da ke fitsari ita ake nema. Jini ba ya ba da amsa mai kyau, domin kayan robar da ake aiki da su a ɗakin gwaji suna iya ƙara nasu a ciki. Amma fitsarin ma labarin jiya da yau kaɗai yake bayarwa. In kin je biki ranar Juma'a, kin sha turare, kin ci abinci mai maiƙo daga roba, awon Asabar zai hau. Ranar Talata a sake awo, ya sauka. Wanne ne gaskiya? Duka biyun. Shi ya sa masu bincike ke karɓar fitsarin mace ɗaya sau da yawa, daga farkon ciki har ƙarshensa, su daskarar da shi, su kai wa wata na'ura mai tsadar gaske wadda asibitin karkara ba ya da ita. Hukumar lafiya ta Amurka tana wannan awo tun 1999, kuma kusan kowa ta auna ta same shi a jikinsa.

Ra'ayinmu shi ne, kada ki kashe ko dala ɗaya wajen neman wannan awo. Yana da amfani ga masu bincike da masu kafa doka. Ke kuwa, ko an ba ki sakamakon, babu allura ko ƙwaya da za a rubuta miki. In wani ya zo kasuwa da na'ura ya ce zai auna miki guba, ko zai sayar miki da maganin wanke ta, kuɗinki yake so. Jikinki yana fitar da abin da kansa, in kin rage shigarsa.

Ragewar kuma tana hannunki. Ba kowace leda ke ɗauke da fitalat ba, amma baƙar leda sau da yawa daga tsofaffin robobi ake narka ta, mai ƙosai ma bai san abin da ke cikinta ba. Nijar ta kafa dokar hana irin waɗannan ledoji tun 2014, ga su nan har yau a kowane tebur. Ki aika yaro da kwanon sha ko ƙwarya ya karɓo koko. Tuwo mai zafi a sa shi a akushi ko langa, kada a naɗe shi a leda. Kada a dafa alala a leda in da gwangwani ko ganye. Man gyaɗa ya fi zama lafiya a kwalba, a inuwa. Kada ki hura wuta da leda, hayaƙinta mugu ne gare ki da yaran da ke gindin murhu. Turare da humra, ki rage su a watannin farko, ki shafa a tufafi maimakon fata. Man kaɗanya ya ishe ki shafawa.

Maigida, kwanon nan kai za ka saya, kai ne kuma kake shigowa da tsire a leda da dare.

Wani abu kuma. Wasu ledojin ƙarin ruwa da na ƙarin jini suna da fitalat. Kada wannan ya sa ki ƙi su. Mace mai zubar jini bayan haihuwa tana iya rasa ranta cikin awa biyu, ledar nan ce ke ceton ta.

Awon da kike bukata yana nan kusa da ke: hawan jini, ƙarancin jini, zazzaɓin cizon sauro, da fitsarin da ake dubawa don gane alamar jijjiga tun da wuri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mai ciki ta ga ma'aikacin lafiya sau 8, na farko kafin ciki ya wuce wata uku. In kin zo, ki taho da man da kike shafawa a cikin kwalbarsa, ungozoma ta duba miki.