Ci-rani Sai Mai Gona

Wani matashi daga cikin masu karanta wannan shafi, wanda ya yi karatun gashin ƙashi a Kano, ya kuma shekara biyu yana aiki a wani asibiti a Amurka, ya rubuto mini yana neman shawara, domin abokansa sun dame shi da ya ajiye aikinsa na dindindin, ya shiga sahun ma'aikatan lafiya masu yawo, waɗanda kamfanonin dillanci ke turawa daga jiha zuwa jiha su cike gurbin da aka rasa mai cikewa. Da na kai ƙarshen wasiƙarsa sai na ga ashe abin ba baƙo ba ne a gare mu, ci-rani ne ya sake riga, kuma duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san ɗan ci-rani, ya san fitarsa bayan kaka, ya san komowarsa da hadarin fari.

Ga yadda al'amarin yake a can. Asibiti, ko gidan jinyar tsofaffi, ko makaranta, idan ma'aikacinsu ya tafi hutu ko ya yi murabus, ko kuwa suna wani lungu da ba kowa ke son zama ba, sai su nemi kamfani ya kawo musu likitan gashi, ko mai koya wa majinyaci hidimar kansa, ko mai gyaran magana da haɗiya, galibi na mako 13. Kamfanin ke karɓar kuɗin, ya cire la'adarsa, sa'an nan ya biya ma'aikaci kashi biyu: ladan sa'o'in aiki, wanda ake cire wa haraji, da kuɗin masauki da abinci, wanda ba a cire wa. Wannan kashi na biyu shi ne zumar da ke jan samari, kuma a cikinsa harbin yake.

Dalili kuwa, ɗana, hukumar harajin ƙasar, IRS, ba ta yafe harajin nan sai ga wanda yake da gida na haƙiƙa, wanda yake ci gaba da biyan hayarsa da ɗawainiyarsa alhali yana biyan wani masaukin a inda aka tura shi. Kuma idan zamansa a wuri guda ya haura shekara ɗaya, ya fita daga hukuncin matafiyi. Wanda ya saki gidansa, ya loda kayansa a mota, ya ce duk inda dare ya yi masa nan ne gida, to, a idon doka kowane kwabo da ya karɓa akwai haraji a kansa, kuma ranar da aka bincika zai biya na baya har da tara. Haka lasisi: jihohi 50 ne, kowace da nata izinin aiki, kuma yarjejeniyar nan ta PT Compact, wadda ta fara aiki a 2018, ta sauƙaƙa wa likitan gashi ƙetarawa tsakanin jihohi fiye da 30, ita ma sai ta tambaye ka jihar da take mazauninka. Kai kuma baƙo kana da ƙarin sharaɗi, domin idan bizarka ɗaure take da asibitin da ya ɗauko ka, kada ka miƙa takardar murabus sai ka zauna da lauyan shige da fice.

Sa'an nan batun yarjejeniyar aiki. Malaman fiƙihu sun sharɗanta wa ijara cewa ujura ta zama sananniya, aikin da ajalinsa su zama sanannu, domin jahiltarsu garari ne mai haifar da husuma, kuma ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani a kan rubuta bashi ta sauka. Saboda haka duk abin da dillali ya faɗa maka a waya, komai daɗin bakinsa, ka ce ya sa a takarda: sa'o'i nawa aka lamunce maka a mako ko da majinyata sun yi ƙaranci, kwana nawa za a ba ka na sanarwa idan asibiti ya fasa, majinyata nawa za ka gani a yini, kuma wa ke riƙe da inshorar lafiyarka tsakanin wannan aiki da na gaba. Kasuwar ba ta da tabbas: a Oktoban 2019, da Medicare, inshorar lafiyar tsofaffi ta gwamnatin ƙasar, ta sauya yadda take biyan gidajen jinya, an rage masu gashin ƙashi da yawa, a farkon annobar korona a 2020 kuma an soke kwangilolin matafiya da dama, wasunsu sun riga sun biya haya. Mai hankali ba ya fita sai da guzurin wata uku a ajiye.

Amma abin da ya fi duk waɗannan nauyi a zuciyata shi ne majinyaci. Ka ƙaddara ka isa wani ƙaramin gari ran Lahadi da dare, Litinin da safe aka nuna maka kwamfuta, aka ba ka jerin sunaye, ga wata tsohuwa da aka yi wa aikin ƙugu zaune a bakin gado, hannunta na rawa a kan ƙarfen dogarawa, tana duban fuskarka don ta gane ko za ta iya amince maka da nauyin jikinta. Babu babba a kusa da za ka tambaya, domin rashin babban ne ya sa aka kira ka. Wanda hannunsa bai faɗa ba, a jikin wannan baiwar Allah zai yi koyo, wannan kuwa cin amana ne ko da doka ba ta kama shi ba. Kuma ranar da makonninka suka cika, wajibi ne ka bar bayani rubutacce, filla-filla, inda ta kai da abin da take tsoro, domin wanda zai gaje ka ya ɗora daga inda ka tsaya.

Ban hana ka tafiya ba, ɗana, don tafiya mabuɗin ilmi ce, kuma akwai waɗanda suka biya bashin karatu da ita, suka ƙware a fannoni dabam-dabam. Sai dai kakanninka da suka yi ci-rani a Kano da Kumasi sun fita ne da niyya sananniya, kuɗin aure ko na shanun noma, sun kuma bar gona a baya. Ka rubuta niyyarka, ka yanka wa tafiyar ajali, ka riƙe gidanka, domin idan hadari ya taso ka san inda za ka nufa da fartanya.