A buɗe kabad ɗin nan, mu ga amiba da idonmu

Da yawanmu mun zana amiba da faramisiyam saboda WAEC ko NECO, mun haddace sassansu tsaf, amma ko sau ɗaya ba mu gan su da rai ba. A makarantu da dama madubin likita, wato maikiroskof, yana kulle a kabad, wai kada ya lalace. Gaskiya wannan asara ce.

Abin fa ba wuya. Ɗiga ruwan kududdufi a kan gilashin, ka rufe da siririn murfinsa. Fara da ƙaramin ido, 4x ko 10x, daidaita haske, sannan ka koma 40x. Mai kama da tafin takalmi da ke ta zirga-zirga, faramisiyam ne. Mai jan jiki a hankali tana sauya siffa, amiba ce. Koriya mai bulala, yugilina ke nan.

Kada ka ɗauka wasa ne. Ƙwayar maleriya ma cikin irin waɗannan halittu take, haka amibar da ke jawo atuni. A 1880 Laveran, likitan sojan Faransa, ya fara hango ƙwayar maleriya cikin jinin maras lafiya a Aljeriya. Yau kusan kashi ɗaya cikin huɗu na masu cutar a duniya a Najeriya suke, amma zazzaɓi na kama mu sai kemis, babu gwaji. Ƙasa irin wannan tana buƙatar matasan da suka iya duba jini, kuma daga aji ake farawa.

Don haka 'yan makaranta, ku roƙi malamin bayoloji ya buɗe kabad ɗin. In kun hango, ku kara kyamarar waya a bakin madubin, ku ɗauka, ku ɗora mu gani. Amma a wanke hannu da sabulu bayan an gama.