Jariri Ya Yi Shiru, Amma Me Ƙwaƙwalwarsa Ke Cewa?

A asibitoci da dama na duniya, idan za a huda diddigen jariri don ɗibar jini, akan ɗiga masa ruwan sikari a baki. Kuka ya ragu, fuska ta saki, sai a ce zaƙi ya rage masa zafi.

A shekarar 2010, Rebeccah Slater da abokan aikinta a jami'ar UCL da ke Landan suka gwada wannan, suka wallafa sakamakon a mujallar The Lancet. Jarirai 59 aka sa a binciken, wasu aka ba su ruwan sikari, wasu ruwa zalla, aka manna masu wayoyin na'urar EEG a ka, mai auna motsin lantarkin ƙwaƙwalwa. Waɗanda suka sha sikari sun rage yamutsa fuska, amma martanin ƙwaƙwalwarsu ga hudar bai bambanta da na sauran ba. A 2015 kuma, masu bincike a Jami'ar Oxford suka yi amfani da na'urar hoton ƙwaƙwalwa ta fMRI, suka gano cewa daga cikin sassa 20 da ke motsawa idan babba ya ji zafi, 18 na motsawa a jarirai ma.

Duk mai rubuta manhaja ya san wannan matsalar. Ka ɓoye saƙon kuskure daga allo, manhaja ta yi kamar lafiya lau, alhali ɓarnar na nan a ciki.

Shi ya sa nake taka-tsantsan da manhajojin ƙirƙirarriyar basira da ake ƙerawa don gano zafin jariri daga hoton fuskarsa ko sautin kukansa. Manhajar da aka koyar da fuska kaɗai, ɗigon sikari zai ruɗe ta, ta shaida wa ma'aikaciyar jinya cewa yaro na cikin sauƙi.

Sikari na da amfaninsa wajen kwantar da jariri, kuma bincike ɗaya ba ya rufe magana. Amma a ganina, kafin a shigar da irin wannan manhaja ɗakin jarirai, dole masu ita su nuna cewa sun gwada sakamakonta da abin da ƙwaƙwalwa ke nunawa. Jariri ba zai iya buɗe baki ya ƙaryata ta ba.