Ra'ayinmu: Idan Karin Magana Ta Fara Kuɓuce wa Dattijo

A ziyarar da wannan reshe ya kai wa malamanmu masu ritaya bayan Sallah, mun zauna da wani tsohon hedimasta wanda a hannunsa da yawa daga cikinmu muka koyi adon harshe. Da zance ya biyo ta kan jinkirin fansho, wani ya ce ruwa ba ya tsami banza. Malam ya yi jim, sannan ya ce, "Haka ne, sai an jiƙa tsamiya a ciki." Nan ya tsaya. Muka yi dariya, muna zaton raha ce, har sai da uwargidansa ta shaida mana cewa ya kwan biyu a haka.

Likitoci sun san wani mataki tsakanin mantuwar tsufa da cutar gushewar tunani, wato ƙaramin raunin fahimta. Mai shi yana sallarsa, yana cefanensa, yana gane jikokinsa. Amma karin magana aiki biyu take ɗora wa ƙwaƙwalwa: ta riƙe ma'anar sarari, sannan ta ajiye ta, ta ɗauko ta ɓoye. Shi ya sa likitocin ƙwaƙwalwa kan nemi majiyyaci ya fassara karin magana. Maganganun da baki ya saba da su, irin su "dogon hannu", sukan daɗe ba su gushe ba. Gatse da habaici da sabon kamance ne sukan fara wuya.

Abin damuwar a nan shi ne tarbiyyarmu. Ba ma gaya wa babba magana kai tsaye, sai dai hannunka mai sanda. 'Yarsa za ta kewaya ta gargaɗe shi game da wani mai neman lambar sirrin katinsa na banki, gargaɗin ya wuce shi, a koma ana cewa Malam ya yi taurin kai.

Muna roƙon 'yan uwa malamai su riƙa yi wa irin waɗannan iyayen namu magana a fili, cikin ladabi, kuma a kai su asibiti. Ba kowa ne ciwon ke tsananta gare shi ba. Ƙarancin bitamin B12, matsalar maƙoshi, ciwon damuwa, har raunin ji, duk suna iya jawo haka, kuma ana maganinsu. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kaduna da Kware da Maiduguri. In za a gwada dattijo, a nemi a yi masa da Hausa, da karin maganar da ya tashi da ita, domin wadda aka fassaro daga Turanci ko mai lafiya tana iya kayarwa. Kwamitin walwala na reshe ya sa kuɗin motar wannan tafiya cikin lissafinsa.