Baƙin mai da sabulu: aikin da ya dace da makarantun Damargu

A ƙasashe da dama malaman makaranta sun ɗauki wata dabara: yara su tattara man da aka gama suya da shi su mai da shi sabulu, malamin kimiyya da na lissafi da na tarihi kowa da hannunsa a ciki. Ra'ayinmu shi ne makarantun Tanut da Belbeji su rungumi wannan aiki, amma ba yadda ake yin sa a Turai ba.

A can mai ya yi yawa har ana zubar da shi a magudana. A Damargu wa ya taɓa ganin an zubar da mai? Mai ƙosai sabo take ƙarawa bisa tsoho, yau da gobe, har ya yi baƙi yana kumfa yana hayaƙi, kuma yaranmu ne suke ci kafin su shiga aji. Likitoci sun daɗe suna gargaɗi a kan irin wannan mai. To amma jarinta ne, wa'azi kaɗai ba zai raba ta da shi ba. Sai dai musaya: ta kawo baƙin mai, lakkwal ta ba ta sabulu.

Sa'an nan sai karatu. Kilo 1 na man gyaɗa yana bukatar wajen giram 135 na soda. In an rage, sabulu ya yi maiƙo, in an zarce, ya ci fata. Yaron da ya auna wannan da hannunsa, ya ƙidaya abin da aka kashe da abin da aka samu, ba zai sake tambayar amfanin lissafi ba. Malamin kimiyya zai bayyana abin da Bafaranshe Chevreul ya rubuta a 1823 game da haɗuwar mai da sinadari mai kaifi. Amma kada a tsaya ga littafi. Tun kafin soda ta shigo kasuwa, mata a ƙasar Hausa suna tace ruwan toka suna dafa sabulu. Ga karan gero a kowace gona daga Gangara har Tarka, ga aduwa wadda ƙwayarta take ba da mai. A gayyato tsohuwar da ta san sana'ar ta zauna gaban aji, yara su rubuta abin da ta faɗa da Hausa da Faransanci.

Akwai hatsari, ba za mu ɓoye ba. Soda tana ƙona fata, tana makantarwa. Saboda haka aikin na ƴan kwaleji da lise ne, malami ne zai jiƙa ta, ita ake zubawa cikin ruwa, ba ruwa cikinta ba, kuma ba a cikin tukunyar alminiyam ba, domin tana cin ta. Makarantar da ba ta da safar hannu da tabarau ta dakata.

Wani zai ce ina amfanin sabulu a ƙasar da rijiya take da zurfi haka? Gaskiya ne, ruwa ne kan gaba. Amma wanda ya tuna kwalarar 2021 a jahohin Damagaram da Maraɗi ya san darajar buta ɗaya da guntun sabulu a ƙofar aji.

Sabulun soda yana son sati 4 zuwa 6 kafin ya nuna. In kwamitin iyaye ya tanadi sikeli da bokiti tun buɗe makaranta a Oktoba, daidai lokacin da kara yake bushewa a gonaki, za a yanka na farko kafin hutun Disamba.